Turare Ba Ya Gadon Giginya

Kowace shekara, ranar 1 ga Yuni, Jamhuriyar Benin kan yi bikin dashen itace. Mu ma a Garu, nan gundumar Malambil, ba a barinmu a baya. Manya su zo da motoci, a dasa turare da darbejiya a jere, a ɗauki hoto, a watse. Daga nan sai ka ji ana cewa an mayar da dajin da aka sare. To, ni dai na ce ba a mayar ba, kuma mai faɗin haka yaudarar kansa yake yi.

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san abin da ake kira daji. Giyayya na tsaye a fadama, ambaliya ta shanye gindinta wata da watanni ba ta mutu ba, saiwarta na riƙe gaɓa, kifi na fakewa a ƙarƙashinta. Can tudu ga kanya, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya da madaci. Ɗorawa ta ba da kalwar daddawa, kaɗanya ta ba da man kaɗe, ɓawon madaci ya shiga magani. Ita kuwa giginya, azararta gara ba ta ci, ga 'ya'ya, ga muruci, ga kaba. Me turare zai ba matar da ke neman daddawar miya? Ruwan ƙasa yake zuƙewa, ko ciyawa ba ta son gindinsa.

Za a ce turare na saurin girma, talaka kuma ba ya iya jira. Gaskiya ne, ban hana a dasa shi don itacen girki da dirkoki ba. Abin da na ƙi shi ne a sare iri ashirin a dasa iri ɗaya, a ce an biya bashi. Giginya akwai mace akwai namiji, kuma takan yi shekaru masu yawa kafin ta fara 'ya'ya. In an sare mazan don azara, an kwashe ƙwallon don muruci, ina na baya za su fito?

Mu dubi kudancin ƙasar nan. A Jegbaji, kusa da Wida, mata sun daɗe suna dafa gishiri da itacen nan mai tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda saiwoyinsa ke tsaye kamar ƙafafu, inda kifi da jatan lande ke hayayyafa. Da dajin ya yi baya, gwamnati ta hana sararsa a 2016, wasu ƙauyuka kuma suka sa dodon Zangbeto gadin wuraren da suka keɓe. Ba su ce a cike gurbin da turare ba, don sun san ba zai rayu a nan ba. Irin da aka sare shi suke sake dasawa.

Mu da muke Musulmi ba mu bukatar dodo. Muna da liman, da mai gari, da sarkin ruwa. Su keɓe gaɓar kogi, a hana gatari da masu gawayi taɓa ta. Manomin shinkafa ya bar giyayya a bakin gonarsa. Masu rainon tsiro su sa ɗorawa da kanya a leda, ba turare kaɗai ba. Ranar 1 ga Yuni mai zuwa, duk wanda ya zo da mota, mu tambaye shi iri nawa ya kawo, kafin mu tsaya a ɗauke mu hoto.