Wa Zai Biya Diyya In An Taɓa Rana?

Lokacin da aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da fadamu masu yawa a ƙasar Yauri, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gidajen kakanninsu. Gungawa, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa da su a tsibiran Kogin Kwara, suka koma tudu. An san wanda ya yi aikin, an kuma san waɗanda suka yi hasara, amma duk da haka sai cikin 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ake samun lantarki daga ruwansu. Shekara 42 ke nan.

Ya kamata a tuna da wannan yanzu da wasu masana a Amurka da Turai ke shawarar a rage ɗumamar duniya ta hanyar tare hasken rana. Dabarar ita ce a aika jiragen sama nisan kilomita 20 su fesa ƙurar farar wuta, ta mai da wani kashi na hasken inda ya fito. Sun koyo ta ne daga dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin, wanda ya yi aman wuta cikin 1991, zafin duniya ya sauka da kimanin rabin digiri har shekara guda da wani abu.

Amma fa wanda ya taɓa rana ya taɓa damina. Cikin 2013 masanan hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa in aka yi fesar a arewacin duniya kaɗai, ruwan sama zai ja baya a yankin Sahel, in kuwa a kudanci aka yi, Sahel ta samu ruwa, arewa maso gabashin Burazil ta bushe. Sun kuma lura da cewa aman dutsen El Chichon na Meziko cikin 1982 shi ya gabaci mugun farin da aka sha a shekarun da suka biyo. Manomin shinkafa a Shanga da masuncin warangi a Ngaski duk da ruwa biyu suka dogara, watau na daminar gida, da wanda ke gangarowa daga tsaunukan Gini da sanyin hunturu. In waɗannan suka gaza, ƙarar wa za su kai, a gaban wane alƙali?

Dokar ƙasa da ƙasa ba ta rasa abin cewa ba. Cikin 1941 kotun sulhu ta yanke cewa Kanada ba ta da ikon barin hayaƙin masana'antar Trail ya ɓata gonakin Amurka, kuma taron Stockholm na 1972 ya ƙarfafa wannan ƙa'ida. Sai dai a waccan shari'a ana ganin bututun hayaƙin da ido. Fari kuwa ba ya zuwa da takardar shaida, kuma mai fesa zai ce daman can Sahel ƙasar fari ce. Yarjejeniyar 1976 da ta hana sauya yanayi ta tsaya ne ga yaƙi da mugun nufi. Shawarar da aka yanke a Nagoya cikin 2010, cewa a dakata da irin wannan aiki, ba ta da hukunci, Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar da ta haife ta. Kotun Duniya da ke Hague kuwa ƙasashe kaɗai ke kai ƙara gabanta, kuma sai wadda ake ƙara ta amince da ikonta.

Maganar ta wuce takarda. Cikin 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Make Sunsets ya saki balan-balan ɗauke da farar wuta a Meziko ba da izni ba, har gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwar za ta hana. Ministocin muhalli na Afirka sun nemi yarjejeniyar haramta dabarar cikin 2023, amma taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi cikin 2024 ya watse ba a daidaita ba.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta tsaya kan matsayin Afirka, ta kuma kai maganar gaban Hukumar Kogin Kwara, inda ƙasashe tara ke zama. In har an ƙi haramci, to, a yi doka irin ta 1972 game da kumbo, wadda ta ɗora wa ƙasar da ta harba alhakin duk ɓarnar da ya yi a ƙasa, ko da ba ganganci. Bayan da kumbon Rasha ya faɗo a Kanada cikin 1978, an biya dalar Kanada miliyan uku. Haka nan a kafa asusun diyya tun kafin jirgi ya tashi, kuma mai fesa shi zai kawo hujjar cewa ba shi ya jawo farin ba.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'an ma'aikatun shari'a da na muhalli, da ɗaliban shari'a na jami'o'in ƙasar nan, lalle su shirya hujjarsu tun yanzu. Mutanen bakin tabkin Kainji sun riga sun biya kuɗin ci gaban wasu sau ɗaya, bai kamata a sake cajin su ba tare da an shawarce su ba.