RA'AYINMU: Me Iyaye Za Su Sa Rai Daga Horon ABA?



Kusan duk ikkilisiyar da muka ziyarta, akan sami wata uwa da ke zama a bencin baya kusa da ƙofa. Ɗanta ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, da an soma kiɗa sai ya toshe kunne ya fashe da ihu. Kafin a kai ga wa'azi ta goya shi ta fita. Wasu su ce rashin tarbiyya ne, wasu su ce iska ce, wasu kuma su riƙa raɗa cewa akwai abin da iyayen suka aikata. Da yawa cikin irin waɗannan yara suna da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda wani likita mai suna Leo Kanner ya fara bayyanawa filla-filla a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma ana samunta a kowace ƙasa da kowace ƙabila. A rahotonta na 2025, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce yaro 1 cikin 31 na 'yan shekara takwas yana da ita. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Mujallar Lancet da ta buga wannan zargi a 1998 ta janye shi a 2010.

Iyayen da suka kai 'ya'yansu asibiti sukan dawo da haruffa uku a bakinsu, wato ABA, su tambaye mu ko su yi ko kada su yi. Mun ga ya dace mu faɗi abin da muka sani, domin kuɗi ne mai yawa, lokaci ne mai yawa, kuma rayuwar yaro ce.

ABA hanya ce ta koyarwa. Ba a shan ƙwaya, ba a yin allura. Tushenta yana cikin binciken masanin halayya B. F. Skinner, wanda ya nuna cewa halin da aka saka wa da abu mai daɗi yakan maimaitu. A 1968 wasu malaman Jami'ar Kansas suka tsara yadda za a yi amfani da wannan ilimi wajen taimakon mutane. Malamin ABA yana duba abu uku: me ya faru kafin yaro ya yi abin da ya yi, me ya yi, me kuma ya samu bayan ya yi. A ɗauki misalin yaron da ke birgima a ƙasa duk lokacin da ya ga mai ƙosai. Uwa don kunyar jama'a sai ta saya masa. Yaron ya koyi cewa birgima tana kawo ƙosai, kuma tun da ba shi da baki, ita ce maganarsa. Aikin malami shi ne ya ba shi wata hanyar roƙo, ko ya nuna da yatsa, ko ya miƙa hoton ƙosai, ko ya furta kalma guda, a kuma ba shi nan take in ya yi hakan. Sannu a hankali birgimar takan rasa amfani.

To, me iyali za su gani in sun fara? Da farko akwai tambayoyi masu yawa. Ƙwararren zai zauna da ku, ya kalli yaron yana wasa, ya tambayi abin da yake so da abin da yake gudu, yadda yake ci da yadda yake barci. Daga nan sai a rubuta manufofi ƙanana waɗanda za a iya aunawa: ya amsa sunansa, ya roƙi ruwa, ya shiga bayi da kansa, ya tsaya in an ce tsaya a bakin titi. Kowane aiki akan gutsuttsura shi. Wanke hannu kaɗai yana iya zama mataki shida ko bakwai, daga ɗaukar buta har zuwa sharewa. Da fari malami zai kama hannun yaron su yi tare, daga baya ya taɓa gwiwar hannunsa kawai, daga baya ya nuna da ido, har yaron ya yi shi kaɗai. Duk abin da ya yi daidai a yaba masa, ko a ba shi ɗan abin da yake ƙauna. Kuma ana rubuta komai, domin a san ko ana ci gaba ko ana tsaye wuri ɗaya.

Ku sa rai da gajiya. Akwai shirin da ke ɗaukar awa 10 zuwa 25 a mako don gyara abu ɗaya ko biyu, akwai kuma cikakken shiri na awa 30 zuwa 40, wanda kan ɗauki shekaru. Ku sa rai kuma cewa a makonnin farko abin yana iya ƙara muni. Yaron da ya saba samun ƙosai da birgima, ranar da ba a ba shi ba sai ya ƙara ƙarfin ihun. Iyaye da yawa a nan suke karaya. Sa'an nan ku sani cewa ku ma ɗalibai ne. Abin da yaro ya koya a ɗakin malami ba lalle ya yi shi a gida ba, sai in uwa da uba da kaka da yayye duk sun bi hanya ɗaya. In uwa ta hana, kaka ta bayar a ɓoye, an koma gidan jiya.

Abin tambaya mafi girma shi ne: zai warke? A nan dole mu faɗi gaskiya. A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya buga binciken da ya sa ABA ta yi suna. Yara 19 suka sami horon awa 40 a mako na shekara biyu ko fiye, 9 daga cikinsu suka shiga aji ɗaya na firamare tare da sauran yara ba tare da taimako na musamman ba. Yawancin binciken da aka yi daga baya bai kai ga irin wannan sakamako ba. Ƙungiyar Cochrane da ta tace bincike-binciken a 2018 ta ce akwai alamar ci gaba wajen magana, fahimta da kula da kai, amma hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Ma'anar wannan ita ce wani yaron zai yi nisa, wani zai yi kaɗan, kuma otizim yakan zauna da mutum har girma. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa cikin wata uku, ku riƙe kuɗinku. Amma yaron da ya koyi faɗin inda ke masa ciwo, ko ya daina buga kansa da bango, wannan ba ƙaramar nasara ba ce ga gidan da ya daɗe bai yi barci ba.

Akwai kuma ƙorafi da ya kamata mu saurara. A shekarun 1960 Lovaas da kansa ya yi amfani da mari da jan wutar lantarki a kan yara. Manya da yawa masu otizim da suka sha wannan horo suna ƙanana sun fito sun ce an tilasta musu kallon ido, an hana su kaɗa hannu alhali shi ke kwantar musu da hankali, an koya musu biyayya ba tare da an tambayi abin da ke damunsu ba. Saboda haka ku yi tambaya kafin ku sa hannu. Ina malamin ya yi karatu, wace takardar shaida yake da ita, wa ke duba aikinsa? Za a bar ku ku zauna ku kalla? Me ake yi in yaro ya ƙi? Inda aka rufe ƙofa aka hana uwa shiga, inda ake duka, ko hana abinci, ko ɗaurewa, ku ɗauke ɗanku ranar nan. Yaron da ake koya wa yadda ya kamata yakan yi murnar ganin malaminsa.

Mun san yawancin ikkilisiyoyinmu suna ƙauye, ƙwararrun kuma sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi. Duk da haka akwai abin yi. A fara da likitan yara a asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Jos, Zariya, Kano ko Maiduguri. A gwada kunnen yaron, domin kurumta ma tana hana magana, a kuma faɗa wa likita in yana farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyaye da masu reno wanda aka tsara domin wuraren da babu ƙwararru, ana iya tambaya a kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya makara ma kada ya fid da rai, yaro mai shekara goma yana koyo.

Ga dattawa da fastoci 'yan'uwanmu, muna roƙo. Mu tuna da amsar da Ubangijinmu ya ba almajiransa a Yohanna sura 9, sa'ad da suka nemi ɗora laifin makantar wani mutum a kansa ko a kan iyayensa. Mu yi addu'a da waɗannan iyalai, mu kuma raka su asibiti. Kada mu yarda a sa yaro azumin dole ko a doke shi da sunan fitar da aljani. A rage ƙarar lasifika, a keɓe wuri mai shiru a Makarantar Lahadi, a tura malami ɗaya ya koyi waɗannan dabaru. Zumuntar mata su karɓi renon yaron ko da yini ɗaya a mako, uwar ta sami zuwa kasuwa ta huta. In majalisar ikkilisiya za ta raba baiko na taimako, a sa kuɗin motar zuwa asibiti a lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran Lahadi mai zuwa, in uwar nan ta tashi za ta fita da ɗanta, bari wani dattijo ya bi ta waje ya gaishe ta, ya tambayi sunan yaron. Ubangiji ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.