Ga masu komawa wasan motar rimot: wadda ake samun kayan gyaranta ita ce mai araha

Masu iya magana sun ce tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma da alama kamfanonin da ke ƙera ƙananan motocin nan da ake tuƙawa da rimot sun fahimci wannan magana tun da daɗewa. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Japan, wanda ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, ya sake fito da Hornet a 2004 da Grasshopper a 2005, motoci biyu da suka fara shiga kasuwa tun 1984. Shi ma Kyosho ya maido da Scorpion a 2014, ya bi da Optima a 2016. Ba don yara aka yi wannan ba. An yi shi ne domin magidanta irinmu, waɗanda suka taɓa riƙe rimot a ƙuruciya ko suka tsaya suna kallon na ɗan maƙwabci, yau kuma suna da ɗan abin hannunsu, sha'awar ta sake motsawa.

To amma fa magidanci ba yaro ba ne. Kuɗin da zai sa a wannan wasa daga aljihun da ake ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta za su fito. Shi ya sa muke ganin ya dace a yi maganar a fili: wace mota ce mai shiga rairayi da tsakuwa ta cancanci kuɗin mai komawa wasan, ba tare da ya yi da-na-sani ba? Ra'ayinmu shi ne a nemi mota mai girman 1/10, mai tura ƙafafun baya kawai, mai injin lantarki irin na da, daga kamfanin da ke sayar da kowane ɓangare nata daban. Bari mu kawo dalilai.

Da farko, wanda ya bar wasan shekara ashirin ko talatin ya sani cewa ya dawo wata duniya dabam. A da, rimot na aiki ne a kan mita 27 ko 40 MHz, da doguwar eriya, da wani ɗan dutse da ake sokawa a rimot da mota domin su ji juna. Idan mutum biyu suka zo fili da dutse iri ɗaya, sai ka ga motar wani tana bin umurnin wani. Tun tsakiyar shekarun 2000, lokacin da kamfanin Spektrum ya kawo tsarin 2,4 GHz, wannan rigima ta ƙare, domin kowace mota tana ɗaure da rimot ɗinta. A da ana daidaita gudu da wani hannu da ke gogar faranti, da wata farar resista mai zafin da ke ƙona yatsa. Yau ƙaramar na'urar lantarki ce ke wannan aiki. Batirin NiCd mai ƙwaya shida da bolt 7,2, wanda ke ƙarewa cikin ƴan mintoci, ya ba da wuri ga NiMH da LiPo. Wato abin da a wancan zamani sai masu gasa ke da shi, yau yana cikin mota mai matsakaicin farashi. Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ne dalilin da ya sa ba sai an kashe kuɗi masu yawa ba.

Sai dai araha iri biyu ce. Akwai motar wasan yara da ake samu a kanti, mai kyan fenti da manyan tayoyi, wadda sitiyarinta hagu ne ko dama ƙurmus, babu tsaka-tsaki, kuma ranar da wata ƴar roba ta karye a ƙafarta, ranar ta zama shara, domin babu mai sayar da wannan roba. Akwai kuma motar masu sha'awa, wadda iya yadda ka murɗa iya yadda take juyawa, an ɗaure ta da sukurori, kowane ɓangare yana da lambarsa a takardar da ke cikin kwali. Motar da ke tsalle a kan tsakuwa dole ta karye wata rana, ko da wa ya ƙera ta. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci kafin a biya kuɗi ita ce: idan hannun ƙafar gaba ya karye, a ina zan samu wani, kuma nan da shekara biyar zan same shi? Mai karatu ya rubuta sunan motar a intanet tare da neman kayan gyaranta. In bai ga masu sayarwa da yawa ba, ya haƙura da ita, komai sauƙin kuɗinta. Araha ba ta ado.

A nan ne wasu sunaye suka yi fice. Kamfanin Traxxas na jihar Texas a Amurka, wanda aka kafa a 1986, yana ƙera Rustler da Stampede tun 1994, ya kuma fito da Slash a 2008. Motoci ne da suka daɗe a kasuwa, ɓangarori da dama na ɗaya suna shiga ɗaya, kuma wasu kamfanoni ma na ƙera masu kayan gyara. Slash mai tura ƙafafun baya tana zuwa a harhaɗe, da kayan lantarkin da aka rufe daga ruwa, tana kuma iya kai kusan kilomita 48 a awa da injinta na asali. Arrma, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Horizon Hobby tun 2018, yana da Granite da Senton, su ma akwai su da inji mai sauƙin kuɗi. Waɗannan ba su ne mafi araha a ranar saye ba, amma idan aka raba kuɗin a kan shekarun da motar za ta yi tana aiki, lissafin yakan juya.

Ga wanda aljihunsa bai kai can ba, akwai motocin ƙasar Sin, irin su 144001 ta kamfanin WLtoys da ke Shantou, da jerin Hyper Go na MJX. Ba za mu raina su ba. 144001 tana tura ƙafafu huɗu, gindinta na alminiyom ne, shakazobanta masu mai ne, kuma da yake an sayar da ita da yawa, kayan gyaranta sun cika kasuwannin intanet. Amma girmanta 1/14 ne, cikinta kusa da ƙasa yake. A kan busasshiyar ƙasa mai laushin bi tana tashi kamar iska. A cikin ciyawa, ko tsakuwa manya, ko rairayi mai zurfi, sai ta kwanta a kan cikinta tayoyi na juyawa a banza. Girman mota shi ke nuna inda za ta iya shiga, shi ya sa muka tsaya a kan 1/10. Wanda zai yi wasa a tsakar gida ko filin ƙwallo mai tauri, ƙaramar ta ishe shi. Wanda ke son fita bayan gari, ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin babbar.

Wasu za su ce ai mota mai tura ƙafafu huɗu ta fi dacewa da rairayi. Gaskiya ne, ta fi riƙe ƙasa kuma ta fi sauƙin tuƙi ga sabon hannu. To amma tana da giya gaba da baya, da sandar da ke haɗa su, da boris masu yawa, kuma kowannensu ƙofa ce da ƙura ke shiga. Duk wanda ya san abin da hazon hunturu ke yi wa injin babur ya san abin da muke nufi. Mai tura ƙafafun baya tana da akwatin giya guda ɗaya a rufe, abin lalacewa kaɗan, abin wankewa kaɗan. Idan rairayin ya yi yawa, faffaɗan taya irin na Stampede na rage matsalar.

Haka batun inji. Injin zamani maras buroshi ya fi ƙarfi, ya fi gudu, ya fi daɗewa. Amma yana ƙara farashi sosai, kuma gudun da yake bayarwa shi ne ke karya mota. Hannun da ya yi shekara ashirin bai riƙe rimot ba, idan aka ba shi motar da ke wuce kilomita 70 a awa, bango ko gindin itace ne zai tsayar da ita, wani lokaci ma ƙafar yaron da ke kallo. Sauri kan haifi nawa. Injin mai buroshi, irin 540 ko 550 da muka sani tun da, yana da sauƙin kuɗi, idan ya ƙone a kwance sukurori biyu a sa wani. Bayan hannu ya faɗa, mai so ya sayi maras buroshi ya ɗora a kan wannan motar dai. Kuma kada a ruɗu da lambar gudun da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, domin ana auna ta ne a kan kwalta mai santsi da cikakken batir. Motar da ke amfani da man nitro kuwa, wato haɗin metanol da nitrometan da man shafawa, a bar ta, sai fa in an tabbatar da inda za a riƙa samun man ba yankewa.

Sai tarkon da ya fi kama masu dawowa, wato begen da. Grasshopper kyakkyawa ce, kuma harhaɗa ta da hannu abin jin daɗi ne. Amma zanen 1984 ne: ƙaramin inji 380, ƙafafun baya a kan sanda guda, tana tsalle-tsalle a kan ɗan gargada kamar sunanta. Wanda ke son ta domin tuna baya, ya saye ta da saninsa. Wanda ke son harhaɗawa da kansa kuma yana son motar da ke tafiya daidai, Tamiya na da DT-03 da ta fito a 2014, mai tura ƙafafun baya, kowace ƙafa da nata motsi. Sai dai a lura, motar da ake sayarwa a wargaje ba ta zuwa da rimot, da ɗan injin da ke juya sitiyari, da batir, da caja, da fenti. Yawancinsu ma da zoben roba suke zuwa a maimakon boris, kuma ya fi kyau a sa boris tun ranar harhaɗawa. Farashin da ke kan kwali rabin labari ne.

Wannan ya kawo mu ga lissafi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan motar da aka sa wa yuro 200 ta haura jaka 131 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na duwan. Shawararmu ita ce a kasa kuɗin da aka ware gida uku: kashi biyu na mota, kashi ɗaya na batir na biyu, da caja mai kyau, da ƴan kayan da aka san su ke fara karyewa, kamar hannayen ƙafa da babbar giyar roba. A sayo su tare da motar cikin kwali guda, domin jiran wata ƴar roba ta yi makonni a hanya shi ke kashe sha'awa.

Maganar batir kuwa ta wuce ta kuɗi, ta shafi lafiyar gida. Kowace ƙwayar LiPo bolt 3,7 take, tana cika a 4,2, kuma idan ta sauka ƙasa da 3,0 ta fara lalacewa. Ba a taɓa caja ta da tsohuwar cajar NiCd da aka tono daga akwati, domin hakan na iya tada gobara. Tana buƙatar cajar da ke daidaita ƙwayoyin, kuma na'urar gudun motar ta zama mai yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Ba a caja ta a kan katifa ko tabarma, ba a tafi barci a bar ta. A sa ta a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da abin da ke kama wuta. In za a ajiye ta kwanaki, a bar kowace ƙwaya a wajen 3,8. Wadda ta kumbura ta gama aiki. A ƙasashen da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, barin irin wannan batir cikin mota a rana ganganci ne. Mai sayowa daga tafiya ya sani cewa kamfanonin jiragen sama na buƙatar a riƙe batirin lithium na ajiya a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da izini ba ita ce Wh 100. Batir mai ƙwaya biyu da mAh 5000 yana da Wh 37 ne. Wanda ya ga ba zai iya bin waɗannan ƙa'idoji ba, musamman a gida mai ƙananan yara, ya tsaya a kan NiMH. Ya fi nauyi, bai kai ƙarfi ba, amma ya fi haƙuri da mai shi.

Mun san akwai masu cewa me ya haɗa mai furfura da motar wasa. Amsarmu ita ce yaran da suka taso suna ƙera mota da kara da waya da gwangwanin madara ba tuƙin ne kawai ya ja su ba, haɗawa da gyarawa ne. Motar da ake kwancewa tana koya wa yaro yadda giya ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, da abin da mai ke yi a cikin shakazoba, da dalilin da ya sa inji ke zafi idan an matsa masa. Uban da ya zauna da ɗansa suna canza hannun ƙafar da ya karye ya ba shi abin da wayar salula ba za ta ba shi ba. Motar da ba ta gyaruwa kuwa darasi guda take koyarwa, cewa abu in ya lalace a jefar a sayi sabo.

Saboda haka, jama'a, kafin a miƙa kuɗi a duba filin da za a yi wasan, a duba kasuwar kayan gyara, a ware kuɗin batir da caja, sannan a zaɓi launi. Allah ya sa mu dace.