Rariyar Wasiƙu: Tsaba Da Ƙaiƙayi

Yau zancenmu a kan tarkacen wasiƙun nan ne masu cika akwatin imel ba tare da an gayyace su ba.

Abin ya daɗe. A watan Mayu na 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 tallar kwamfutocin kamfanin DEC a lokaci guda. Daga nan ɓarna ta yaɗu, har aka kai ga wasiƙun damfara da ake kira 419, lambar wani sashe na dokar laifuffuka ta Nijeriya. A 2004 Bill Gates ya bugi ƙirji ya ce cikin shekara 2 za a ga bayan matsalar. Ga shi an haura shekara 20, ba ta kau ba.

Maganin da aka samo shi ne rariya, wato manhajar da ke tace wasiƙu kafin su iso. A 2002 Paul Graham ya bayyana dabarar ƙidayar kalmomi: rariya ta lura da kalmomin da suka fi yawa a wasiƙun banza, ta riƙa tsare duk mai kama da su. Su kuwa 'yan damfara sai suka shiga karkata rubutun kalmomi da gangan, ko su ɓoye saƙon cikin hoto.

To, ga inda gizo ke saƙa. In rariya ta yi faɗi, ƙaiƙayi ya wuce. In ta matse, tsaba ta salwanta. Na biyun ya fi muni, domin wasiƙar kiran aiki ko ta shiga jami'a tana iya faɗawa kwandon shara, Gmail kuwa yakan share abin da ya kwana 30 a ciki. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

A 2024 Google ya wajabta wa mai aika wasiƙu 5,000 a rana ya tabbatar da ko shi wane ne, ya kuma sauƙaƙa hanyar dakatar da saƙonsa. Amma mu ma da namu aikin. Mu riƙa leƙa kwandon nan kowane mako, mu ceto wasiƙun kirki. Wasiƙar da muka nema da kanmu kuma kada mu kira ta shara don mun gaji da ita, domin rariya daga hannunmu take koyo, sai ta tsare ta ga wasu masu jiranta.

Sai mako mai zuwa.