Kyamarar Bidiyo: Nauyi Ba Shi Ne Inganci Ba

Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, masu sana'ar bidiyo da yawa suka ɗauki girman kyamara a matsayin shaidar ƙwarewa. A ganinmu wannan ra'ayi yana cin jari, musamman ga mai aiki a kudancin Jihar Kaduna.

Galibin aikin yankin a waje ake yin sa. Bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu yake faɗowa, lokacin hazo da ƙura. Da damina, mai neman hoton ruwan Matsirga kusa da Kafanchan sai ya taka cikin santsi. Gonakin citta na Kachia da Kwoi kuwa, sau da yawa babur ne ke kaiwa. A irin waɗannan wurare babbar kyamara tana bukatar ɗan dako da shatar mota, kuma duk daga riba kuɗin yake fita.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya sayi ƙaramar kyamara, ya zuba ragowar kuɗin a ƙarin batura, makirfo mai rigar kare iska, ƙafar kyamara marar nauyi, da jakar da ruwa ba ya ratsawa. Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya yafe muryar da iska ta cinye.

Kafin a biya, a tambaya: idan ta lalace, akwai mai gyara a Jos ko Kaduna? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.