Takarda Ma Abin Wasa Ce

Dogon hutu yakan zo mana a tsakiyar damina, lokacin da Kogin Kaduna ke cika yana batsewa. Mu mazauna Rafin Guza mun san fargabar da iyaye ke shiga da zarar yaro ya sulale ya nufi bakin ruwa. A ganina, tsawa da bulala ba sa zaunar da yaro a gida, sai abin da ya ɗauke masa hankali.

Bara na gwada wata dabara da ƙanena ɗan shekara 4. Na yago takarda daga tsohon littafina, na ninka ta biyu, na lanƙwaso kusurwoyinta, ta zama hula. Na ƙara ninkawa, na ja gefenta, sai ga jirgin ruwa. Muka sa shi cikin daro a tsakar gida. Ranar nan ko zaure bai leƙa ba.

Kada a raina wannan wasa. Mutanen Japan suna kiransa origami, wato ninkin takarda. Froebel ma, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindergarten a 1840, ya sa shi cikin darussansu. Yana saba wa yatsu da aiki, yana nuna wa yaro rabi da kwata tun bai riƙe alli ba. Kuma ba ruwansa da almakashi, balle reza.

Wani zai ce ɓarnar takarda ce. To, tsohuwar jaridar da za a ƙona fa? A dai kiyaye wadda ke ɗauke da sunan Allah.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya koya wa ƙannensa a wannan hutu. Iyaye kuma a taimaka mana da tsofaffin takardu. Allah Ya tsare mana yaranmu, amin.