Raddi Ga Masu Cewa Musulmin Gado Ba Musulmi Ba Ne

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana kai da komowa a bakin wasu matasan ɗalibai, a zaurukan karatu da ƙofar masallatai, cewa mafi yawan mutanen ƙasar Hausa Musulmin gado ne kawai: sun buɗi ido sun tarar da iyaye suna salla, su ma suka bi, amma ba su taɓa shiga Musulunci na haƙiƙa ba. Da a ce raunin imanin jama'a suke kuka da shi, da babu mai musa musu. Cewa suke yi imanin babu shi ɗungurungum, don haka ba a bin su salla, ba a cin yankansu, ba a ba su aure. Hujjojinsu shida ne. Zan kawo kowacce yadda suke faɗinta, ba ragi ba ƙari, sannan in biyo ta da amsa.

Tun farko a riƙe tushe guda: abin da ya tabbata da yaƙini, shakka ba ta kawar da shi. Hadisi ya inganta cewa mai yin sallarmu, mai fuskantar alƙiblarmu, mai cin yankanmu, Musulmi ne, yana cikin alƙawarin Allah da na Manzonsa. Saboda haka nauyin kawo hujja yana kan mai son fitar da mutum daga addini. Wanda ake tuhuma ba a ce ya tabbatar da Musuluncinsa ba.

Hujja ta farko: ba su san ma'anar kalmar shahada ba

Sukan ce: tsayar da manomi ko ɗan kasuwa ka tambaye shi sharuɗɗan kalmar shahada guda bakwai, zai yi zuru. Wanda bai san abin da ya furta ba kuwa, bai furta komai ba.

Amsa: wa Annabi (SAW) ya yi wa wannan jarrabawa? A shekara ta 8 bayan hijira mutanen Makka suka musulunta a 'yan kwanaki. A shekara ta 9 tawagogin ƙabilu suka yi ta tururuwa zuwa Madina, su yi shahada, a koya musu salla da zakka, su koma gida Musulmi. Sharuɗɗan nan malamai ne suka tsamo su daga nassoshi daga baya don sauƙaƙa karantarwa. Abin da ake buƙata shi ne su tabbata a zuciya, ko da baki bai iya jero su ba. Tsohuwar da ta san Allah ɗaya ne, Shi Ya halicce ta, Shi kaɗai take yi wa sujada, kuma Muhammadu Manzonsa ne, ta san ma'anar shahada.

Usama ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta shahada takobi na kansa, bisa zaton tsoro ne ya sa shi. Annabi ya yi ta yi masa faɗa, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, har Usama ya yi fatan da ma ranar ya fara musulunta. In shahadar da aka yi a bakin takobi ta isa kariya, to ina ga ta wanda ya tsufa yana tashi sallar Asuba?

Wannan ma ba sabuwar magana ba ce a ƙasarmu. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an yi wasu ɗalibai masu ilimin kalamu da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa da hujjojin hankali su ce kafiri ne. Shehu ya tashi haiƙan a kansu. Muhammadu Bello ya ambata cewa littattafan da mahaifinsa ya rubuta don rushe wannan ra'ayi sun haura 50.

Hujja ta biyu: zunubi ya yi musu katutu

Sukan ce: ga riba, ga zina, ga caca, ga cin dukiyar marayu. Ina imani a nan?

Amsa: duk waɗannan manyan zunubai ne, mai yin su fasiƙi ne, kuma yana cikin haɗari babba. Amma kafirta mutum da zunubi mazhabar Hawarijawa ce. Da zunubi ridda ne, da shari'a ba ta ware wa ɓarawo haddinsa, mashayi nasa, mazinaci nasa ba. Da hukunci ɗaya ya ishe su duka. Annabi ya hana a tsine wa wani mutum da aka sha kawo shi ana yi masa bulalar giya, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ya yi wa matar nan Bagamidiya sallar gawa bayan an tsayar mata da haddi. Aya ta 9 a Suratul Hujurati ta kira ɓangarori biyu da suka zare wa juna makami muminai. Risalar Ibnu Abi Zaidin, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya karanta, tun a babin aƙida ta yanke cewa ba a kafirta ma'abucin alƙibla da zunubi.

Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya karkata ga kafirta masu wasu manyan zunubai. Duk da irin girman da Shehu yake ba shi, bai bi shi a wannan ba. Ya rubuta cewa hanyar Ahlus Sunna ba ita ke nan ba, cikin ladabi, yana nema wa malaminsa uzuri.

Hujja ta uku: suna cikin shirka da bidi'a

Nan ne suka fi ƙarfi, don haka nan za mu fi daɗewa. Sukan ce: ga masu zuwa wajen boka, ga masu yanka wa iskoki a gindin tsamiya, ga masu kiran wanin Allah a bakin kabari.

Amsa: shirka shirka ce, babu mai yi mata kwaskwarima. Yanka don iskoki kafirci ne, faɗin haka a kan mumbari wajibi ne. Kuskurenku wuri biyu yake.

Na ɗaya, kun zuba abin da malamai suka haɗu a kansa da abin da suka saɓa a cikin jaka guda. Maulidi, da tawassuli da darajar Annabi, da laya mai ayoyin Alƙur'ani, da wazifa, duk mas'aloli ne da manyan malamai suka yi ta jayayya a kansu ɗaruruwan shekaru. Kana da damar ɗaukar ɓangare, ka kare shi da hujja, har ka ce wa wancan ya yi bidi'a. Daga bidi'a zuwa ridda kuwa akwai tafiya mai nisa. Wannan gargaɗi ya hau kan kowa: wanda ya kafirta ɗan ɗariƙa saboda wazifarsa, da wanda ya kafirta ɗan Izala da sunan wai ba ya son Annabi, laifinsu iri ɗaya ne.

Na biyu, kun kasa rabewa tsakanin hukuncin aiki da hukuncin mai aikin. Ana iya cewa aiki kaza kafirci ne, amma kafin a ɗora sunan a kan wane ɗan wane sai an tabbatar hujja ta isa gare shi, ya fahimce ta, kuma babu jahilci ko tawili ko kuskure ko tilas. A hanyar Hunaini wasu sababbin musulunta sun roƙi Annabi ya sanya musu bishiyar da za su riƙa rataya makamai don neman albarka, irin ta mushirikai. Ya tsawata musu ƙwarai, ya kamanta roƙonsu da na Bani Isra'ila ga Annabi Musa, amma bai ce su sake shahada ba. Ammaru ɗan Yasir ya furta kalmar kafirci saboda azaba, Alƙur'ani ya wanke shi. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan hijira, wanda kuke yawan kafa hujja da shi, yana cikin waɗanda suka fi kowa nanata wannan bambanci.

Sannan wa ke yanke hukuncin? A fiƙihun Malikiyya shari'ar ridda gaban alƙali take zuwa. Muhtasar na Halilu ya sharɗanta cewa shaidu su fayyace abin da mutum ya faɗa ko ya aikata dalla-dalla, domin abin da wani ke gani kafirci ne wataƙila ba shi ba ne. Ko ta tabbata, sai an ba shi kwana 3 ana neman ya tuba. In alƙali mai shaidu a gabansa an ɗaure shi da wannan taka-tsantsan, wa ya ba ɗalibi izinin yanke wa gari guda hukunci daga kan tabarmarsa?

Hujja ta huɗu: sun yarda da dokar da ba ta Allah ba

Sukan karanto aya ta 44 a Suratul Ma'ida, su ce duk mai jefa ƙuri'a, da ma'aikacin gwamnati, da ɗan sanda, da ɗan boko, ya bi ɗagutu.

Amsa: Ibnu Abbas, wanda ya fi mu sanin Alƙur'ani, ya fassara kafircin da ke cikin ayar da ƙaramin kafirci wanda ba ya fitar da mutum daga addini, muddin bai musanta hukuncin Allah ba. Annabi Yusuf ya riƙe taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba a kan addininsa yake ba. Najjashi ya mulki Habasha, ƙasar Kiristoci, bai samu ikon zartar da shari'a a cikinta ba. Da ya rasu a shekara ta 9, Annabi ya jera sahabbai sahu-sahu ya yi masa salla daga Madina. Malamin firamare da ke koyar da lissafi don ya ciyar da iyalinsa, da wace hujja zai fita daga abin da Najjashi bai fita ba? A tuna kuma da taken hukunci na Allah ne kaɗai Hawarijawa suka fita daga rundunar Sayyidina Aliyu bayan Siffin. Taken gaskiya ne, abin da aka nufa da shi ne ɓata.

Hujja ta biyar: wanda bai kafirta kafiri ba shi ma kafiri ne

Amsa: malamai sun faɗi wannan ƙa'ida a kan wanda nassi ya bayyana kafircinsa ƙarara, irin su Fir'auna da Abu Lahabi, domin musun hakan ƙaryata Alƙur'ani ne. Ba a kafa ta a kan mutumin da ake jayayya a kan hukuncinsa ba. In aka sake ta haka, ba ta da birki: ka kafirta liman, sai mamu don sun bi shi, sai wanda ya yi shakka a kan mamu, har a iso kan abokin karatunka.

Tarihi ya nuna inda hanyar take ɓullewa. Hawarijawa sun yanka Abdullahi ɗan Habbabu, ɗan sahabi, aka gwabza da su a Naharawan a shekara ta 38, ɗayansu ya sari Sayyidina Aliyu a Kufa a shekara ta 40 yana fita sallar Asuba, sannan suka dare ƙungiya-ƙungiya suna kafirta juna. A Kano, a Disambar 1980, rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000. A 2007 aka harbe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam yana limancin Asuba a Ɗorayi. A 2014 aka kashe Shaihu Albani Zariya, kuma a Nuwambar shekarar aka kashe masallata sama da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano. A 2016 Boko Haram ta rabe biyu, kuma babban abin da ya raba su shi ne yadda shugabanta Shekau yake kafirta talakawan Musulmi yana halatta jininsu. A 2021 tsofaffin abokan tafiyarsa ne suka rutsa shi a Sambisa ya mutu. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Ban ce duk mai wannan ra'ayi zai ɗauki bindiga ba, amma duk waɗanda suka ɗauka da wannan magana suka fara.

Hujja ta shida: ai Shehu ma ya kafirta

Amsa: haka ne, Shehu ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku, ya kuma yi hukunci da kafircin masu cakuɗa Musulunci da tsafi. Amma a duba yadda abin ya gudana. Ya shafe kusan shekara 30 yana wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Bai zare takobi ba sai da Sarkin Gobir Nafata ya hana shiga Musulunci da ɗaura rawani da lulluɓi, magajinsa Yunfa kuma ya kawo yaƙi. Duk da haka malaman zamanin ba su yi shiru ba. Shehu Aminu Elkanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma in bidi'a na kafirta ƙasa to Masar da Sham ma ba su tsira ba. Bello bai ɓoye waɗannan wasiƙu ba, ya saka su a Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsa. Abdullahin Gwandu ma ya saɓa wa yayansa Shehu Usmanu a kan hukuncin Musulmin da ya taimaki kafirai a yaƙi. Mas'alar da irin waɗannan duwatsu suka yi jayayya a kanta, game da sarakuna a fagen yaƙi, ba za ta zama lasisin kafirta maƙwabcinka mai kiran salla ba. Kuma shi wannan Shehun ne ya kare imanin talakawa, kamar yadda ya gabata. Ba a ɗaukar rabin maganar malami a bar rabi.

Hukunci

Kafirta mutum ba zagi ba ne da za a yi a wuce. Hukunci ne mai raba aure, mai hana gado, mai hana wanka da salla da makabartar Musulmi. Shi ya sa Annabi ya yi gargaɗin cewa kalmar in an jefa ta, dole ta faɗa kan ɗayan biyun. Ya san munafukan Madina, har ya gaya wa Huzaifa sunayensu, amma ya bar su a kan zahirinsu ana aure da gado da su.

Hujjojin nan shida babu wadda ta kai yaƙinin da zai rushe yaƙini. Wanda ya gaji Musulunci, ya yi shahada, ya fuskanci alƙibla, bai zo da abin da ke warware addini ƙarara ba, Musulmi ne. Jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne. Mu ma ba mu kafirta ku ba, kamar yadda Sayyidina Aliyu bai hana Hawarijawa masallaci ba kafin su zub da jini. Ya ɗan'uwa, in jahilcin jama'a ne ya dame ka, buɗe makarantar dare a unguwarku ka koyar da tauhidi da tsarki da salla. In ka ga shirka, kira ta da sunanta ka yi nasiha. Hukuncin mutum ka bar wa alƙali, abin da ke cikin zuciya ka bar wa Allah. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.